Wayar da Ake Rainawa

Yaron da aka kai koyon wayarin, tun kafin ya iya riƙe filaya da kyau, an riga an cusa masa darasi guda: jar waya ita ce mai wuta, baƙar kuwa nutural ce. Ya ɗora testa a kan ja, ta kama. Ya ɗora a kan baƙa, shiru. Daga ranar sai ya riƙa tsoron ɗaya yana raina ɗaya, kuma da yawa haka suke tsufa a cikin sana'ar. Ni dai idan ina son sanin zurfin mai aikin lantarki, baƙar wayar nan nake zuba wa ido. Kaffa-kaffa da ja, kowa na yi. Amma sanin inda ya wajaba a yanke nutural, da inda yanke ta zai ƙone gida, da irin birekar da za a damƙa wa wannan aiki, sai wanda ya ƙoshi da sana'a.

Asalin nutural a taransifoma yake. Taransifomar unguwa tana fito da layi uku, kuma ƙarshen naɗin wayoyin nan uku yana haɗuwa a wuri ɗaya. Daga wannan mahaɗa ake jawo waya ta huɗu, sannan a ɗaure mahaɗar da ƙarfen da aka binne a ƙasa. Tsakanin layi da layi akwai bolt 400, tsakanin kowane layi da waya ta huɗu kuma bolt 230, wato wutar da ke shiga yawancin gidajenmu. Duk wutar da ta shiga firij ta jar waya, ta baƙar take komawa. Adadin ampiyar da ta shiga shi ne ke fita. Abin da ya sa ba ta jan mutum shi ne ɗaurin nan da aka yi mata da ƙasa, wanda ya sa ita da ƙasar da kake tsaye a kai ba su da wani bambanci mai yawa. To amma ɗaurin yana can gindin taransifoma, gidanka kuwa wataƙila yana ƙarshen layi. Nisa, da nauyin kayan maƙwabta, da haɗin da ya yi tsatsa a kan falwaya, duk suna iya ɗaga ƙarfin wutar da ke kanta. Shi ya sa littafin ƙa'idojin wayarin na Ingila, BS 7671, wanda aikin lantarki a Najeriya ya gaji tsarinsa, yake lissafa nutural a cikin wayoyi masu rai, tare da ja a sahu guda.

Ƙaramar birekar da muka saba da ita ta samo asali ne daga wani Bajamushe, Hugo Stotz na garin Mannheim, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1924. Dabara biyu ce a cikinta. Akwai fallen ƙarfe iri biyu da aka manne, wanda ke lanƙwashewa idan wuta ta yi masa nauyi na ɗan lokaci; akwai kuma naɗin waya mai zama maganaɗisu, wanda ke fizge makullin nan take idan wayoyi sun haɗu. Wannan mai ƙafa ɗaya ce, jar waya kaɗai take katsewa. Baƙaƙen wayoyin duka suna taruwa a sandar ƙarfe guda cikin akwati, babu mai raba su. A wurare da yawa hakan ya wadatar. Sai dai akwai dangin bireka na biyu, masu katse nutural tare da layi. A jikinsu za ka ga an rubuta 1P+N ko 2P idan na layi ɗaya ne, 3P+N ko 4P idan na layi uku ne. Bambancin 1P+N da 2P abin lura ne: ta farko tana sa ido a kan layi kaɗai, sai dai idan ta faɗi ta tafi da nutural, ta biyu kuwa ƙafafunta biyu duk suna da na'urar gano nauyi, ko ta wace ƙafa matsala ta biyo za ta ji.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a yanke nutural a ko'ina, kowa ya huta? An taɓa yin wani abu mai kama da haka. A farkon ƙarni na 20, gidaje da yawa a Ingila da Amurka ana sa musu fis a kan waya biyun duka. Idan aka yi rashin sa'a fis ɗin nutural ya riga ƙonewa, sai fitilu su mutu, mai gida ya ɗauka babu wuta, ya kai hannu cikin soket, alhali jar waya na nan a raye, har ma wutar ta ratsa ta cikin ƙwan fitila ta cika baƙar wayar da aka bari a rataye. Daga baya aka haramta wannan tsari. Dokar lantarki ta Amurka har yau tana cewa ba a sa na'urar kariya a kan nutural sai idan faɗuwarta za ta katse dukkan wayoyin a lokaci guda.

A gidan da ke da layi uku kuwa, lamarin ya wuce nan. Nutural tamkar turke ce da aka ɗaure dabbobi uku a jikinsa: muddin turken na ƙasa, kowace na tsaye a iyakar igiyarta, amma da an tuge shi sai mai ƙarfi ta ja mai rauni. Ga lissafin. A ce a layi na farko an kunna hita mai wat 2000, a layi na biyu kuma talabijin da ƙwan fitila waɗanda jimillarsu wat 100 ne. Idan nutural ta yanke alhali layukan na raye, kayan biyu sun koma jere ɗaya tsakanin layi da layi, wato bolt 400 za su raba. Rabon kuwa ba na adalci ba ne: hita za ta sami bolt 19 ko kusa da haka, talabijin da ƙwan fitila su sha kusan bolt 381. Wanda ya taɓa zama a unguwar da nutural ɗin taransifoma ta tsinke, ko ɓarayin jan ƙarfe suka kwance ta, ya san yadda abin yake: ƙwai ya yi haske fiye da kima ya fashe, caja ta yi hayaƙi, a gidan maƙwabci kuma fanka da ƙyar take juyawa. Mutane su ce an kawo wuta mai ƙarfi, alhali ba a ƙara komai ba, waya ɗaya ce ta rabu.

A nan ne ƙirar bireka mai katse nutural take burge ni. Ƙa'idar duniya ta IEC 60364 ta gindaya sharaɗi a taƙaice: kada nutural ta rabu kafin layi, kuma kada ta haɗu bayan layi. Masu ƙera bireka sun mayar da wannan jumla ƙarfe. Dukkan harsunan da ke ciki a kan sanda ɗaya suke, sifirin ɗaya ke fizgarsu, don kada wata ƙafa ta faɗi ta bar 'yar'uwarta. A yawancin masu alamar N kuma an ɗan gyara tsawon harshen nutural, yadda idan ka ɗaga hannun bireka shi zai fara taɓawa, idan ta faɗi shi ne na ƙarshen saki. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, 'yan ɓurɓushin daƙiƙa ne, amma a cikinta lafiyar kayan gida duka take. Akwai wata riba kuma: tun da layi ya riga ya katse wutar, harshen nutural yana buɗewa ne babu nauyi a kansa, saboda haka ba ya bukatar babban ɗakin kashe tartsatsi irin na layi. Abin da ya sa ake iya cusa 1P+N a faɗin milimita 18, daidai da gurbin bireka mai ƙafa ɗaya, ke nan. Shi ya sa kuma gwani ba ya wasa da harafin N da ke jikin mahaɗin. Wanda ya juya, ya sa ja a gurbin N, ya bar layi ba mai tsaro, ya kuma ɗora wa harshe marar ƙarfi aikin kashe tartsatsin da ba a ƙera shi dominsa ba. Fitila za ta kama, mai gida ya biya kuɗin aiki, ba wanda zai san da ɓarnar sai ranar da wayoyi suka haɗu.

Wurin da wannan bireka ta fi shahara a Amurka shi ne gidan mai. Can wutar gida bolt 120 ce, nutural ɗinsu kuma fara ce, kuma a al'adarsu ba a yanke ta. Amma sashe na 514 na dokar lantarkinsu, wanda ya shafi wuraren sayar da mai, ya wajabta a tanadi hanyar katse dukkan wayoyin da ke zuwa famfon mai a lokaci guda, har da nutural. Dalilin yana ƙarƙashin famfon. Tururin fetur ya fi iska nauyi, sai ya gangara ya kwanta a ramin da bututu da wayoyi ke bi. Idan ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsin da ido ba ya ko gani ya isa ya tayar da gobara. Yanzu a ce ma'aikaci ya kashe bireka mai ƙafa ɗaya, ya sauka zai kwance wayoyin famfo. Farar wayar da ke hannunsa tana nan haɗe da sandar nutural ta akwati, sandar da firij ɗin shago da fitilun rumfa da sauran famfuna ke mayar da wutarsu ta kai. 'Yan bolt kaɗan da ke kanta ba za su ja shi ba, wataƙila ko jinsu ba zai yi ba, amma idan bakin wayar ya gogi jikin ƙarfen famfo za su iya yin tartsatsi. Don haka kamfanoni irin su Square D da Eaton suke ƙera bireka ta musamman: tana cin gurbi biyu a akwati, tana da 'yar jelar farar waya da ake kai wa sandar nutural, ita kuma farar wayar famfo a jikin birekar ake ɗaure ta. Bugun dokar da dama sun fito fili sun hana a ɗauko bireka biyu masu ƙafa ɗaya a haɗe hannayensu da ƙarfe a ce an cika sharaɗi, domin hannu na iya tafiya tare, cikin kuma kowace ta yi gabanta. Tururin fetur na gidan man Kano ko na Maraɗi bai bambanta da na can ba, kuma ina ganin duk mai yi wa gidan mai wayarin a ƙasashenmu ya kamata ya san wannan dalili ko da babu mai duba aikinsa.

Faransawa kuma gaba ɗaya suka rungumi abin. Ƙa'idarsu ta NF C 15-100 ta sa kowane reshe na wayarin gida a katse shi layi da nutural tare, shi ya sa akwatunansu cike suke da 1P+N. Tushen hakan tsarin da ake kira TT: kamfanin wuta ya kawo layi da nutural, mai gida ya kafa tasa sandar atin, wato ƙarfen da ake binnewa, a ƙasarsa. Tun da atin ɗin gida dabam, na taransifoma dabam, babu tabbacin cewa nutural da ƙasar gidan za su daidaita a kowane lokaci. Nijar ta gaji wannan salo, kuma mai buɗe akwatin wuta a Yamai ko Damagaram sau da yawa zai tarar da shuɗiyar waya, wato nutural ɗinsu, tana ratsawa ta cikin bireka. Abin da ya kamata mu lura da shi a Najeriya shi ne, yawancin gidajenmu ma sandarsu suke kafawa, wayar atin ba ta zuwa daga falwaya. Ke nan a aikace tsarinmu ya fi kusa da TT, alhali akwatunanmu na Ingila ne. Ita kanta BS 7671 ta ce a tsarin TT, idan za a raba wuri da wuta don a yi aiki, dole nutural ta shiga ciki. Ta kuma ce babban makunnin gida mai layi ɗaya, wanda kowa ke iya taɓawa, sai ya katse waya biyun. Ƙara da al'adar canja layi idan ɗaya ya mutu. Hannu da yawa na taɓa wayoyin da ke shiga gida, wani da rana, wani da tocila cikin dare, kuma ba abin mamaki ba ne a wayi gari ja ta koma gurbin baƙa. Ranar da hakan ta faru, bireka mai ƙafa ɗaya nutural take yankewa, wutar kuma ta zauna a kowane soket. Mai ƙafa biyu ba ruwanta da wanda ya yi kuskure a kan falwaya.

Akwai wani amfani da sai mai neman matsala a gidan mutane ya san daɗinsa. Birekar nan mai gano yoyon wuta, wadda a kasuwa ake ce wa RCD ko ELCB, aikinta auna abin da ya fita ta layi da abin da ya dawo ta nutural. Idan bambancin ya kai miliampiya 30 a irin ta kare rai, sai ta faɗi. To idan nutural ɗin wani ɗaki ta goge ta taɓa atin, ko ruwan damina ya shiga fitilar waje, wani ɓangare na wutar da ke komawa sai ya ɓalle ta ƙasa, RCD ta yi ta faɗuwa. Ka kashe birekar ɗakin mai ƙafa ɗaya, ba abin da ya canja, domin baƙar wayarsa na nan manne da sauran. Sai ka kwance wayoyi ɗaya bayan ɗaya daga sanda, iyalin gida na zaune cikin zafi suna jiranka. Inda kuwa kowane reshe ke da 1P+N, sai ka saukar da su duka, ka riƙa ɗagawa ɗai-ɗai. Wadda ta jawo faɗuwa ita ce mai laifi, a bar ta a kashe, sauran gida ya sami wuta.

Amma fagen da ake gane gwani a wajenmu shi ne janareta da sola. Kusan duk gida ko shago mai hali yana da canji tsakanin wutar kamfani da ta inji, yanzu ga inbata ta zama ta uku. Mai neman sauƙi yakan canja layi kaɗai ya murɗe nutural ɗin duka wuri ɗaya. Muddin komai na lafiya abin zai yi aiki. Idan nutural ɗin unguwa ta tsinke ta ɗauki wuta, za ta shigo gidan ko da ana kan janareta. Idan kuma wani ya juya filogin injin, wutar janareta ce za ta hau wayar kamfani ta nufi falwaya, inda wataƙila wani bawan Allah ke aiki da imanin an ɗauke wuta. Canji mai ƙafa biyu, ko huɗu a layi uku, yana toshe waɗannan ƙofofi. Sai dai da zarar ka raba gidan da nutural ɗin kamfani, ka raba shi da ɗaurin nan na gindin taransifoma. Ƙananan janareta da yawa ba a haɗa nutural ɗinsu da jikin inji ba, shi ya sa ake ganin testa na kamawa a waya biyun. A wannan hali RCD ba za ta ga laifin farko ba, domin wutar da ta ɓalle ba ta da hanyar komawa. Gwani ya san dole ya sake ƙulla ɗaurin a ɓangaren janareta, nutural da atin, kafin canji, yadda ko wace wuta ake kai, ɗauri ɗaya ne tak ke aiki. Ɗauri biyu a lokaci guda suna raba wutar dawowa su ruɗa na'urar kariya. Babu ko ɗaya kuma ya bar gida a rataye. Inbata masu kyau suna da ɗan makunni a ciki da ke yin wannan ƙulli da kansa idan an ɗauke wuta ya kwance idan an dawo da ita, wasu kuma ba su da shi, sai an karanta takardar na'urar an gwada da mita. A manyan gine-gine akwai ƙarin ƙalubale: wasu na'urorin UPS, masu riƙe wuta idan an ɗauke ta, da nutural ɗin da ke shigo musu suke dogara, kuma 'yan daƙiƙun da canji mai ƙafa huɗu zai yi a tsakiya sun isa su birkita kwamfutocin banki. Saboda su ake ƙera canjin da nutural ɗinsa ke kama sabuwar hanya kafin ta saki tsohuwa.

Sauran wuraren a taƙaice. A Norway, inda tsoffin unguwanni da yawa ke kan tsarin bolt 230 marar nutural, waya biyun duk masu wuta ne, sai 2P. Ɗakin tiyata a asibiti yana da tasa taransifoma mai raba shi da ƙasa, don kada laifin farko ya kashe na'urar da ke riƙe da numfashin marar lafiya, can ma ƙafa biyu ake katsewa. Jirgin ruwa da motar kwana da ke jona wuta a duk inda suka sauka ba su san yadda aka ɗaura soket ɗin masauki ba. Ofishin da ya cika da kwamfuta da fitilun LED kuma yana da tasa matsala: irin waɗannan kaya suna haifar da wata wuta mai kaɗawa sau 150 a daƙiƙa, wadda maimakon ta soke juna a nutural kamar yadda wutar layi uku ta saba, sai ta taru, har nutural ta ɗauki fiye da abin da layi ke ɗauka. A nan ana bukatar 4P mai na'urar gano nauyi a ƙafa ta huɗu.

Akwai kuma inda gwani zai ce a'a ko nawa za a biya shi. A wasu tsare-tsare, waya ɗaya ce ke yin aikin nutural da na atin a haɗe, ita ake kira PEN, kuma jikin kowane ƙarfe a ginin da ita aka ɗaure shi. Yanke ta na nufin jikin firij da na injin niƙa da ƙofar akwatin wuta duk su ɗauki wuta ta cikin kayan da ke kunne. Ƙa'idar IEC da ta Ingila duk sun hana a sa mata makunni ko bireka. Ido ba ya bambanta ta da nutural ta gama-gari, sai an bi ta an ga inda atin ya rabu da ita. Shi ya sa za ka ga mai sana'ar ƙwarai, kafin ya sayi ko bireka ɗaya, yana zagaya gini yana tambaya: ina sandar atin, waya nawa suka shigo daga waje, akwai inji, ina aka haɗa nutural da ƙasa? Yakan ajiye testa ya ɗauko mita, ya auna layi da nutural, layi da atin, sannan nutural da atin, na ƙarshen nan kuma yakan auna shi sau biyu, da kaya a kashe da kuma a kunne. Sabuwar birekar ma ba ya yarda da rubutun jikinta kawai, domin kasuwa ba ta rasa jabu. Kafin ya ɗaura ta sai ya sa mita a ƙafar N sama da ƙasa, ya ɗaga hannun ya sauke, ya tabbata harshen yana buɗewa da gaske, don akwai masu gano yoyo na gurbi ɗaya waɗanda nutural ke ratsa su kawai ba tare da an katse ta ba. Idan ya gama ɗauri kuma zai sa hannu a reshe, sai ya kashe, ya gwada mitarsa a wurin da ya san akwai wuta, ya auna waya biyun da atin, ya sake gwada mitar, sannan ya ce wa yaronsa ya miƙo sukudireba.